Ashanar Tulasamma

Duk wanda ya taɓa sayen fure a ƙofar ɗakin bautar garinmu, a gaɓar kogin Godabari, ya san Tulasamma. Shekara arba'in tana jera furanni a zare, bakinta na waƙar yabon Bishnu, abin bautarmu. Ɗanta tilo, Narahari, a cinyarta ya haddace waƙoƙin tun yana rarrafe. Da a waƙa ta tsaya ai da sauƙi! In yaron ya ƙwallafa rai a kan abu, ranar abin zai bar gidan. Ɗan maraƙin da yake kwana rungume da shi, da hannunta ta ja shi ta kai ɗakin bauta.

"Komai aro ne, ɗan nan. Saki."

Maƙwabciyarta Subbamma ta sha gaya mata, "Ke dai ci gaba da koya wa tsuntsu tashi."

"Hassada ke cin ki. Naki 'ya'yan sai ci da barci."

Ai kuwa ya saki. Yana da shekara ashirin da shida ya sauka kogi, aka aske masa kai, ya dunƙula shinkafar da ake miƙa wa matattu, ya miƙa wa kansa. Jana'izarsa ya yi ke nan, yadda masu gudun duniya ke yi. Ya fito da tufa ruwan goro da sabon suna. Gari ya yi ta yi mata barka, ita ma har da ɗaga kai. Amma kullum in ta je yanko ganyen ayaba na zuba abinci, uku hannunta ke yankowa.

Bayan shekara tara mijinta ya rasu. A wajenmu ƙona gawa ake yi, kuma ɗa ke sa wa gawar iyaye wuta, don rai ya sami hanya. Ta aika wa Narahari, ya kuwa zo, ya tsaya bayan shinge ba takalmi.

"Sannu, Inna."

Daɗi ya kama ta. Sai ya juya wajen Subbamma, da murya iri ɗaya sak: "Sannu, Inna."

"Narahari, ga mahaifinka kwance. Karɓi wutar."

"Wanda kike kira ya mutu a kogi, Inna. Matacce ba ya ƙona matacce."

"Wane mara imani ne ya koya maka wannan?"

"Komai aro ne," in ji shi a hankali. Har karin muryarta ya ɗauko.

Ɗan ƙanen mijin ne ya sa wutar, yana ta duba agogo kada mota ta bar shi.

Tana nan tana jera fure, sai dai ta daina waƙa. Ta ce da ta buɗe baki, muryar yaron ke amsawa ta bayanta. Tsoro take ji, ba ta ɓoye wa kowa: ba ta san wanda zai sa mata tata wutar ba. A bakin mayafinta akwai wani ƙulli da ba ta kwancewa. Subbamma ta matsa mata da tambaya, ashe ashana ce.

"Ko da zai zo," in ji Tulasamma. "Kada ya ce ba shi da ita."