Kaurin Farce a Sandar Moto

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, bayan azahar, Allah ya karɓi ran jikana, ɗan babban ɗana, a shagonsa na feren ƙarfe. Shekararsa ashirin da tara. Karatuna bai yi nisa ba, a yi haƙuri da rubutun. Baki ne ya kasa, na ɗauki biro.

Maigidan, da kai nake. Tun kana rarrafe nake ce maka mijina, nake kuma yi maka gorin ban taɓa ganin miji mai baƙin farce irinka ba. Kai ka kwance mini rediyo kana ɗan shekara takwas, ka mayar, kusoshi uku suka yi saura, ka ce dama ƙari ne. Da gwiwata ta fara ciwo ka fere wa sandata kan ƙarfe don kada ta zame, sai na zama duk inda na bi ana jin tahowata. Ka ce ai maganin laɓe ka yi mini. Matan layinmu da injin ɗinkinsu ya tsaya sun san ƙofarka, kuma ba ka taɓa raina aiki don ƙanƙantarsa ba.

Wuri ɗaya ne ba ka wasa. Ba a tsayawa gaban injin ferenka da sutura mai reto. Kai kanka sai ka tuɓe riga da agogo ka rataye, ka saka guntuwar shuɗiyar rigarka ta aiki. Ran da na leƙa da mayafi ka kore ni har bakin titi, kana cewa, "Kaka, wannan bai san wasan jika ba."

Ga abin da ya faru, don ba a faɗe shi daidai ba. Moton injin markaɗena ya ƙone, aka sayo wani. Sandar da ke juyawa a cikinsa ta yi wa fuli, wato ƙarfen da bel ke hawa, kauri, ka auna ka ce kaurin farce za a rage, aikin minti goma. Minti goman ya yi mako uku, manyan ayyuka sun sha gabansa. Ranar Talatar na tako da kaina. Na tarar ka wanke hannu, ka saka farar riga mai dogon hannu, za ka kai matarka awo asibiti. Ka roƙe ni in bari sai gobe. Na zauna a benci na buɗe baki. Na ce miji ya samu yarinya ya manta tsohuwa, na ce ko aikin ne ya fi ƙarfinka in kai wa masu iyawa. Mai walda na maƙwabta yana ta dariya, ni kuwa ina ƙara gishiri.

Ka yi murmushi ka ɗaura sandar moton a inji. Ba ka tuɓe ba. Na ga hannun rigar, wallahi na gan shi, amma labari ya yi mini daɗi. Ka gama ferewa, ka miƙa hannu da sanfefa, takardar gogewa, za ka goge sandar tana juyawa. Kafin mai walda ya kai ga makunni, mai aukuwa ta auku. Sauran ba zan rubuta ba.

Mai walda, don tausayi, ya gaya wa gida aikin wani baƙo ne, ya ce in yi shiru. Na yi shirun kwana tara. Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, amma na san bakin da ya tsayar da kai.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka, ya yalwata kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ina yi wa mahaifinka da mahaifiyarka ta'aziyya, da ƙannenka, da abokan sana'arka. Allah ya ba mu haƙuri.

Ke kuma matarsa, Allah ya sauke ki lafiya, ya raya abin da ya bari. Kin zauna da mayafi a ka kina jiransa, ni na riƙe shi. Ina neman gafararki. Ruwan alwalar da kike ajiye mini a ƙofar ɗaki, in na fito gobe ban gan shi ba, na fahimta, kuma ba ki yi laifi ba.