Ranar da Na Sa wa Baba Babba Injin Numfashi

Ko zan manta da komai na shekarar da babanmu ya sauke farali, ba zan manta da ranar da ya dawo garinmu Tawa ba. A ranar ce na ja da yayansa a gaban jama'a, ni da ko ido ba na iya haɗawa da shi.

Babanmu yana da wata lalura: in ya yi barci numfashinsa yakan ɗauke, ya farka a firgice kamar an shaƙe shi. Likita a Yamai ya haɗa shi da wani ɗan inji mai tiyo da marufin hanci, yana zuƙo iskar ɗaki yana tura masa. Da shi ya je Makka, da shi ya dawo. Ni ke wanke shi tun farko, don haka na san shi kamar yunwar cikina.

A wajenmu ba a tarbar alhaji da tsohon bango. Ana gobe saukar alhazai, yayan nasa, wanda muke kira Baba Babba, ya taso takanas daga Kalfu, ya sa aka shafe ɗakin babanmu da fenti mai mai, kore shar, sannan ya rufe ƙofa da taga kada ƙura ta ɓata aiki. Niyyarsa mai kyau ce, Allah ya sani. Amma da aka buɗe ɗakin, warin sai da ya sara mini kai.

Bayan azahar, tsakar gida cike da masu barka da zuwa, ana rabon dabino da zamzam, babanmu ya fara gyangyaɗi saboda gajiyar hanya. Baba Babba ya ce in kai injin ciki.

Na durƙusa gabansa na ce, "Baba, ɗakin ga ba shi kwantuwa yau. Injin iskar ɗaki shika ja. Ƙura kaɗai shika tacewa, ba shi tare warin fenti. A bari shi kwanta ɗakina."

Ya dube ni sheƙeƙe. "Ke ɗiyar ga, mi kinka sani? Mutum ya taho daga ɗakin Allah, ki kai shi ɗakin mata? In don injin na, shi kwanta babu shi."

In babu inji numfashi ya ɗauke, in da inji a ɗura masa fenti a ƙirji. Babanmu kuwa na san shi, gara ya shaƙe da ya musa wa yayansa. Har ya fara laluben takalmi.

Ban san inda na samo ƙarfin hali ba. Na shiga ɗakin, na jona injin, na dawo bakin ƙofa na miƙa wa Baba Babba marufin da hannu biyu. "Baba, gwada ka ji, ko minti guda. In ka ji daɗi nai, na yi shiru."

Mutumin da ke kayar da bijimi a kasuwar dabbobi ba zai guji ɗan tiyo a gaban mutane ba. Ya shiga ya zauna, ya kafa a hanci. Bai yi numfashi biyar ba ya fizge shi, yana tari, hawaye na bin gemunsa. Ni kuwa na gama sallamawa yau sai ta Allah.

Da tarin ya lafa sai ya ce, a hankali, "Wagga iska za a ɗura ma ƙanena?"

Shi da kansa ya ɗauki katifar ya kai ɗakina, can ƙarshen gida inda ba a shafa komai ba. Na sake matatar injin, na wanke tiyon, babanmu ya yi barcinsa lafiya har la'asar. Koren ɗakin kuwa ya kwana da yawa a buɗe kafin wani ya kwanta ciki.

Har yau in na tuna sai in ji kaina ya yi girma, ba zan ɓoye ba. Abin da na koya shi ne, babba ba ya ƙin gaskiya, kunyar karɓarta daga bakin yaro yake ji. In ka san abin da zai ceci naka, kada ka yi shiru, kada kuma ka ɗaga murya. Miƙa masa da hannu biyu, ya ji da hancinsa.