Ganye Mai Huji

Shekara ashirin da uku Baba Almakashi ya yi yana kula da lambun bayan ɗakin gwaji, kuma abokiyar gabarsa ɗaya ce tal: tsutsa. In ya hango ta a kan ganye, sai ka rantse ɓarawo ya kama a ɗakinsa. "Ke kuma wa ya gayyace ki?" zai ce, ya tsame ta da bakin almakashin da ya jawo masa wannan suna.

Aikinsa ya tsinko ganyen wata bishiya da ke lambun, ya shanya a inuwa, ya daka, ya kai wa Dakta, mai bincike a ɗakin, a kwalba. Ita kuma ta tace sinadarin ganyen, ta ɗiga a kan ƙwayoyin sankarar mama da take raino a 'yan farantan gilashi, ta ga ko za su daina ƙaruwa. Baba bai damu da leƙa madubinta mai ƙara girman abu ba. Shi dai taƙamarsa, ganyensa sumul yake, ko ɗigo babu.

To, wata Talata gwiwa ta hana shi hawa tsani. Ya waiga hagu, ya waiga dama, ya yagi ganyen reshen ƙasa, wanda tsutsa ta mayar kamar rariya, ya daka shi lilis. Wa zai ga huji a gari?

Ikon Allah, garin nan ne ya yi aiki! Dakta ta fito da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa, tana cewa ƙwayoyin sun ƙi ƙaruwa. Amma da ta maimaita, shiru. Sau tara Baba yana kai mata ganye mai kyau, sau tara ƙwayoyin suna ci gaba da sha'aninsu. Baiwar Allah har ta rame. Ta zargi firji, ta zargi ruwa, ta zargi hannunta. Daga ƙarshe ta ce ranar Litinin za ta haƙura da bishiyar, a sare ta a shuka wata.

Baba ya gane inda bambancin yake, amma bakinsa ya yi nauyi. Shi ne zai ce ya kai ganye mai huji? Haba!

Ranar Lahadi da hantsi ya zauna yana ta juya shayi bai kurɓa ba. Matarsa, wadda aka cire wa mama ɗaya shekara huɗu da suka wuce, kuma tun daga nan bakinta ya ƙara kaifi, ta zuba masa ido.

"Malam, cokalin nan zai huda kofin. Faɗi."

Ya faɗa. Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta tsaya.

"Wata shida ina jin ƙullutun nan ina ɓoye maka don kunya," ta ce, ta dafa gefen rigarta inda babu komai. "Ka ga abin da kunyar ta ci mini. Kai kuma ganye kake wa kunya? Gobe ka je ka faɗa."

Ya je, hula a hannu. Dakta ba ta yi faɗa ba, sai ma ta dafe kai. Ta ce mai yiwuwa in tsutsa ta ciji ganye, bishiya kan ƙara sinadarin kare kanta. Suka gwada mai huji, ƙwayoyin suka sake tsayawa cak.

"A faranti ne fa, Baba, ba a jikin mutum ba," ta ja masa kunne. "Da sauran tafiya mai nisa."

Yanzu Baba tsuntsaye yake kora don kada su cinye tsutsa, tsutsa kuwa har "ranki ya daɗe" yake ce mata, yana haɗe rai.

Rannan matarsa ta kawo masa abinci, Dakta ta ja ta ciki ta nuna mata madubin. Ta daɗe a sunkuye tana kallon ƙwayoyin.

"Ashe ku ne," ta ce a hankali. "'Yan mitsi-mitsi haka."

Ta miƙe, ta share ido da gefen mayafi, ta juyo.

"Malam, in na ji ka sake taɓa tsutsar nan, ni da kai ne."