Goran Masunta Ya Fitar Da Ni Daga Ɗaki

Edita, a shekarun da jirgin ƙasa ya fara isa Nguru, ni falke ne mai jini a jika. Nakan saro bandar kifi a ƙauyukan Kirikasamma in kai kudu. Na taka Ikko da Kumasi, na haye tafkin Cadi, ina ciniki da Barbarci da Fillanci da Yarabanci. Ban san zama ba.

Wata rana ina saman lodin mota a hanyar Birniwa, ta faɗa rami, na sauko da gadon baya. Allah ya bar ni da rai, amma daga ƙugu zuwa ƙasa jiki ya daina jin maganata. Da ƙafafun sun kwanta shiru ma da sauƙi. Sai su sandare kamar itace, ko su kama karkarwa, ko mayafi ya taɓa su sai su yi harbi. Ran nan suka ture kwanon tuwo daga hannun matata a gaban masu dubiya, na ji ana raɗa cewa iska ce. Kunya ta sa na umarci ƙanena ya lanƙwasa ƙafafun ya ɗaure da igiya, na hana kowa shigowa. Nan na cuci kaina. Gwiwoyi suka fara ƙin miƙewa, gyambo ya fito a kwankwaso, ko kewayawa sai an ɗauke ni. A Kumasi na sha ganin guragu suna dukanci a bakin kasuwa, amma da ta zo kaina duk na manta.

A damina ta biyu kogi ya cika ya shigo gida da hantsi, ƙanena yana gona. Matata ba ta iya ɗaukata, sai ta aro ƙaton gora wurin maƙwabcinmu, irin wanda masunta ke kifa ciki a kai su yi su. Na ce ba zan fita a gan ni haka ba. Ta ce to in zauna, in kada ya iso in yi masa bayani da Barbarci. Ta kwance igiyar, ta mirgina ni a kan goran.

Da muka kai ruwa mai zurfi, sai na ji ƙafafun sun ɗan saki, suna bina a baya. Na sa hannu na tuƙa, goran ya tafi inda na nufa. Na riga ta isa tudu.

Tun daga ranar ban sake yarda da igiya ba. Kullum da safe ana miƙe mini ƙafafu a hankali, da zafi, ina cije baki. Na kuma gane sandarewar da nake tsinewa ita ke riƙe ni tsaye in na kama ginshiƙi, har in hau jaki da kaina. Na koma sayen kifi, ina tarar da masunta tun a cikin ruwa, inda kowa a kife yake, ba wanda ya fi wani tafiya.

Ban warke ba. Amma duk mai irin wannan lalura a gida, ina roƙonsa kada ya ɗaure, kada ya ɓoye. A motsa jikin, a nemi likita, a bar mutum ya yi abin da zai iya. Har yau ƙafafun nan suna harbi. Matata dai ta koyi ajiye kwano nesa da su, ni kuma na daina ba baƙi haƙuri.