Mukullin Yana Aljihun Aukje

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, Allah ya yi wa Tjerk Bosma rasuwa a gidansa da ke garin Sneek, yana da shekara saba'in da tara. Ni Douwe, maƙwabcinsa kuma abokinsa a ƙungiyar masu gyaran tsofaffin rediyo, ni matarsa Aukje ta fara kira. Tjerk, kai mutum ne da ba ka son kwana-kwana, don haka ga gaskiya: na yi kuka, amma hankalina a kwance yake, kuma zan gaya maka dalili.

Babu wanda bai san ɗan shagon katakonka na bayan gida ba. Tsohuwa za ta turo keke da rediyon marigayi mijinta ɗaure a baya, ka karɓa, ka hure ƙura, ka shinshina shi tukuna kafin ka ɗauki sukundireba, wai hanci ya fi ido saurin gane abin da ya ƙone. Ban taɓa jin ka ce wa mutum ya je ya sayi sabo ba. Ladanka yankan kek ne, shi ma kana ci kana kushewa. Da matata ta rasu ba ka yi mini wa'azi ba. Wani rediyo ka dire mini a ƙofa ka ce ya gagare ka. Ƙarya kake yi, na sani sarai, amma shi ya hana ni kwanciya duk tsawon hunturun nan.

Sai ga abin da ya faru shekarun baya. An kawo maka rediyo mai araha irin na bayan yaƙin duniya na biyu, waɗanda ba a sa musu taransifoma mai raba su da wutar bango ba, ƙarfen cikinsu haɗe yake da wutar bango kai tsaye. Fulogi kuwa ta duk fuskar da ka soka shi shiga yake: ta nan lafiya lau, ta can ƙarfen gaba ɗaya ya ɗauki wuta. Ka dogara da na'urarka ta murɗawa mai rage wuta da ƙara ta, kamar yadda yawancinmu muke yi, muna ganin in an rage an tsira. Ashe ragewa kawai take yi, ba ta raba mutum da bango. Wuta ta ja ka ta yar. Ka fito daga asibiti da ɗan inji a ƙirji mai taya zuciyarka bugawa, ka tarar Aukje ta garƙame shagon da kwaɗo.

"Shekara hamsin ina wanke maka safa," in ji ta, "ba don in zo in tsince ka gasasshe kamar kaza ba."

Ka zauna a kujera kana kallon ruwan sama, ka rame, ka daina musu da kowa. Wannan rashin musun shi ya ba ni tsoro, na je roƙon Aukje ta buɗe maka shagon. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Douwe, in ya mutu a shagon nan, kai za ka ɗauke shi. Ni kuma ba zan yafe wa kaina ba har in bi shi."

Sharaɗinta shi ne ka kera abin da zai shiga tsakaninka da bango, kuma a teburin kicin, a gaban idonta. Ka samo taransifoma daga wata tsohuwar na'ura da aka zubar, mai naɗin waya biyu da ba sa taɓa juna, wuta na ƙetarawa amma babu hanyar da za ta bi jikinka ta shiga ƙasa. Ka jona na'urar murɗawar a bayansa, don a tashi tsohon rediyo a hankali, ba a watsa masa wuta lokaci guda ba. Ka sa fiyus, da agogon awo, da kwan fitila wanda zai haska fau in akwai matsala a ciki. Akwatin da ka haɗa su a ciki kuwa murfin keken ɗinkinta ne na katako. Sai da ka huda shi ta gani, ranar har gidana ana jin faɗan.

A ƙarshe ka ɗaura masa makunni mai mukulli da ka ciro daga wani mataccen babur. Mukulli ɗaya tak, ka miƙa mata ka ce:

"To, ranki ya daɗe, daga yau ke ce kamfanin lantarki."

Ta cire kwaɗon shago, haka kuka zauna. Kullum da safe ta kawo kofi, ta murɗa mukulli, ta tsaya har kwan ya lafa sannan ta koma cikin gida. In za ta fita, ta kashe ta zare abinta. Duk da haka ba ka daina aiki da hannu ɗaya ba, na hagu yana aljihu, yadda aka koya mana, don kada wuta ta ratsa ƙirji daga hannu zuwa hannu. Nakan tsokane ka, ka ce, "Kai, rufe mini baki. Akwati ya raba ni da bango, bai raba ni da wauta ba."

Ranar Talatar nan Aukje ta dawo daga kasuwa ta same ka a shago, kanka a kan tebur, rediyo a buɗe a gabanka. Muryarta a waya ba zan manta da ita ba.

"Douwe, zo ka ɗauke shi. A shago yake. Ni na buɗe masa, ni na kashe shi."

Na fita ko takalmi ban ɗaura ba. Kafin in taɓa ka na dubi akwatin, don haka ka hore mu. Kwan a mace, allurar agogo a kwance, rediyon sanyi ƙalau. Ramin mukulli babu komai.

Na ce, "Aukje, laluba aljihunki."

Ta sa hannu a rigar ruwanta, ta fito da shi. Likita ya zo ya tabbatar: ba wuta ba ce, zuciya ce ta gaji ta tsaya. Ƙura kake sharewa kana jiran ta dawo, ɗan buroshi a hannun dama, na hagu a aljihu. Aukje ta zame ta zauna a ƙasa, dariya da kuka suka haɗu mata, tana cewa, "Tsohon banza, ashe kana jin magana!" Wallahi ban san akwai ranar da mutuwarka za ta sauke mini nauyi haka ba.

Bayan jana'iza, muna shan kofi a zauren coci, ta ce ta bar wa ƙungiya akwatin. Mukullin dai yana wurinta, mai so ya je ya roƙa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Aukje, da 'yarsu Marrit, da jikoki, da dukan 'yan ƙungiya. Allah ya ba mu haƙurin rashi, ya sanyaya zuciyar matar da ta tsare shi har ƙarshe. Kai kuma Tjerk, Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya karɓe ka cikin rahamarsa. Ka huta, mutumina. Fitar da hannunka daga aljihu, inda kake yanzu babu abin da zai ja ka.