Ƙafar da ke kallon Nijar

Ƙafata ta hagu ba ta taɓa yin shawara da ni ba. Tun ina rarrafe, a wani ƙauye kusa da Sandamu, shan inna ya kama ta, ta sirance, ta gajarce, tafin ya juya gefe. Idan na tsaya salla na fuskanci gabas, ita Nijar take fuskanta. Ban san wa ta sani a can ba. Na sha tambayarta, ta ƙi faɗa.

Mahaifiyata, Allah Ya jiƙan ta, ta yi iya yinta. Mai ɗori ya ja, wanzami ya tsaga, malamai suka yi rubutu na sha, har na tabbata tawadar da ke cikina ta fi wadda na taɓa rubutu da ita, don a aji uku muka yi sallama da boko. Rannan ta ƙura wa ƙafar ido ta ce, "To, kin ƙi. Zauna yadda kike so, mu dai a ɗinka wa yaro wando." Tun daga ranar aka daina jinyata aka fara rainona.

Aka kawo ni Daura koyon ɗinki. Keken ɗinki mutumin kirki ne, ƙafa ɗaya ta ishe shi, bai taɓa tambayata ina 'yar'uwarta ba. Da shi na yi aure, da shi na ciyar da 'ya'ya, dukansu ƙafafunsu na kallon inda aka ce su kalla.

A masallacin unguwarmu wurina sahun farko ne. A hagu da ni abokina ke tsayawa, wani ƙaton dillalin shanu mai cin kasuwar Mai'adua. Tsayuwa ba ta gagare ni ba, ƙafar dama na ɗauke da ni, ta hagu na taɓa tabarma da yatsu don kada a ce ba ta zo ba. Tashi daga sujada ne aiki. Sai in ɗora hannu a kafaɗar dillali, shi kuma ya ɗan jinkirta har in miƙe. Ba mu taɓa shirya haka ba. Sau ɗaya dai ya ce mini, "Gurgu, gobe kiyama rabin ladanka nawa ne." Na ce, "Karɓi, ka rage rantsuwar da kake yi a kan tsofaffin shanu."

Ya rasu a shekarun da aka kawo Shari'a. Lokacin samari suka yi mini layi a shago a rage musu tsawon wando. Na ce su yi mini ladabi, ni na riga kowa, tun ba a haife su ba wandona a ɗage yake, ko da yake gefe ɗaya.

Cikinsu har da ɗan marigayin, wanda ya dawo daga karatu da gemu da littattafai. Kada a ce na yi masa ƙage, yaron ya yi karatu na gaske, ba irin nawa ba. Shi ya gaji wurin ubansa a sahu. Kafin a tayar da salla sai ya juyo ya ce, "A daidaita sahu, ƙafa da ƙafa, kafaɗa da kafaɗa, kada a bar wa Shaiɗan wurin shiga." Magana ce mai kyau. Sai dai ba a sanar da ƙafata ba.

Ya miƙo tasa zai haɗa da tawa, tawa ta janye kamar akuyar da ta hango mahauci. Ya ƙara miƙowa, ta ƙara janyewa. Shi kuma duk wanda ya buɗe ƙafafu haka, kafaɗarsa nesa take tafiya. Da aka zo tashi daga sujada na kai hannu inda na saba, na damƙi iska, na tafi gaba ɗaya kan mai shayin da ke damata. Har liman ya yi nisa a fatiha muna warware kanmu.

Bayan kwana kaɗan kwamitin masallaci ya yi mini gata. Aka sayo farar kujerar roba, aka ajiye ta can baya, bakin ƙofa, inda ake tuɓe takalma. Ɗan abokina ya durƙusa ya ce, "Baba, addini sauƙi ne. Allah Ya yi maka rangwame, ka riƙa yi a zaune."

Na ce, "Allah Ya yi mini rangwame, ku kuma kun yi mini canjin wurin aiki. Na gode."

Na zauna. Na san ƙeyar kowa a unguwa. Ana haka wani ya shigo a makare ya ce, "Baba, don Allah ka ɗan sa ido a kan takalmina, sabo ne." Ashe har ƙarin girma aka yi mini, na zama maigadi.

Uwargidana ta ga na rage cin tuwo ta ce, "Malam, kujerar ce ke cizo?" Na ce ba ta cizo. Salla a zaune halal ce, kuma ranarta na zuwa, ba na gudunta. Amma goshina har yanzu yana kai ƙasa. Kuma a garin nan ko'ina ni ne gurgun tela, sahun nan kaɗai ne inda nake mutum ɗaya cikin jeri. Ta ce, "To wa ya ɗaure ka a kujerar?" Na duba, babu igiya.

Da la'asar na riga kowa, na kwantar da sandata a sahun farko. Yaron ya zo ya gan ni, kunya ta hana shi magana, sai ya ƙudura a ransa yau ko Maraɗi ƙafar nan ta gudu sai ya kamo ta. Ya buɗe, ya ƙara buɗewa. Liman ya yi kabbarar ruku'u, muka sunkuya, sai ji muka yi ɓaaar! Ban taɓa ganin jama'a sun ƙarasa salla da natsuwa irin ta ranar ba, kowa ya kafe ido a tabarma, kafaɗu na rawa.

Washegari ga shi a shagona da wando a leda.

"Baba, ina kwana. Ɗan gyara ne."

"Lafiya lau, Malam. A ina aka yi wannan yaƙi?"

"Baba, don Allah."

Na sa zare ina dubawa. Can ya ce, "Ni fa ba wulaƙanta ka na yi niyya ba. Faɗuwar nan da ka yi ce ta tsaya mini a rai. Shin da mahaifina yana raye yaya kuke yi?"

Na ce, "Ubanka ko alif bai sani ba, ɗana, sai saniya. Bai taɓa bin ƙafar nan ba, ya san ba ta jin kira. Kafaɗa yake kawowa. Abu biyu kake faɗa kullum kafin salla, na farkon ya fi ƙarfina, na biyun kuwa ina da shi har guda biyu, lafiyayyu."

Ya karɓi wandonsa, na yi masa ɗinki biyu a wurin saboda gaba.

Da azahar ya tsaya a hagu da ni, ya tattara ƙafafunsa wuri ɗaya, ya matso har kafaɗarsa ta dafe tawa. Da aka zo tashi na ɗora hannu. Bai kai rabin ubansa ba, sai da ya yi tangaɗi, amma ya tsaya, ya jira ni. Da muka fito yana murza wurin ya ce, "Baba, ashe kana da nauyi haka?"

Na ce, "Ubanka rabin lada yake karɓa. Kai sabon shiga ne, sai ka ƙware mu yi magana."

Kujerar kuwa na roƙi kwamiti suka bar mini. Tana shagona, duk wanda ya zo a rage masa wando a kanta yake jira. Na ce a riƙa goge ta, wata rana zan neme ta da kaina, amma a sahun farko za a ajiye mini, kusa da yaron nan.