Kwamfutar da Ba Ta Mutuwa a Gaban Baƙo

A garin Njombe, idan kwamfutarka ta fara mutuwa ba gaira ba dalili, duk wanda ka tambaya wuri ɗaya zai nuna maka: shagon Elieza Mwalongo da ke bayan tashar mota, tsakanin mai sayar da irin dankali da wata mai saƙa rigunan sanyi. Fundi ake ce masa, kamar yadda ake ce wa kowane mai aikin hannu, amma in aka ce Fundi aka yi shiru, to shi ake nufi.

Ba da kwamfuta ya fara ba. Shekara goma sha tara ya yi yana gyaran injinan yankan katako a dazuzzukan Lupembe, kuma a can ya koyi ɗora bakin sukundireba a jikin inji, ya kara ƙotar a kunne, ya ji inda ciwo yake. Yana da shekara arba'in da ɗaya wani asibitin mishan ya zubar da tsofaffin kwamfutoci uku, ya kwaso su a kan keke don kawai ya ga abin da ke cikinsu. Wata shida matarsa Yustina ta yi tana cin tuwo a kan cinya, don teburin gidan ya cika da kayan cikin na'ura. Ba ta yi mamaki ba. Mutumin da ya kwance mata keken ɗinki a satin bikinsu, keken lafiyarsa ƙalau, wai yana so ya ga yadda zaren ƙasa ke kama na sama, me kuma zai yi ya ba ta mamaki? Har gobe takan ce wa maƙwabta, "Ranar da na mutu ku tsare ni da kyau. In kuka yi sake, mutumin nan buɗe ni zai yi ya ga me ya tsaya."

Aikinsa bi da bi yake yin sa. Da hanci yake farawa, ko akwai ƙauri. Sai tafin hannu, ya ji ɗumin akwatin, sai kunne. Allo ne na ƙarshe, don a wurinsa allo ɗan aike ne kawai, abin da aka faɗa masa yake maimaitawa. In zai canja kaya, ɗaya yake canjawa ya jira ya gani, ba ya taɓa biyu a lokaci guda. Kuma ba abin da ke ƙona masa rai irin masu gyaran da da an kawo musu na'ura sai su goge komai su sake zuba sabo. "Wannan ai ba gyara ba ne," in ji shi, "an kawo maka mai ciwon kai ka sare kan." Aibinsa ɗaya ne, kuma babba: son sanin dalili ya fi masa komai, har ya fi masa mai kayan.

Cikin sanyin watan Yuni Mama Gidion ta zo shagon a bayan ɗan acaɓa, ta rungume akwatin kwamfuta a cinya kamar jariri. Tsohuwa ce mai shekara saba'in da 'yan kai, matar marigayi Malam Yohana Nyagawa, wanda ya koyar da rabin garin lissafi, har da Elieza ɗin kansa. Kafin ya rasu, Malam ya zauna gaban na'urar nan ya naɗi muryarsa har zama arba'in, yana ba da tarihin danginsu da harshen Bena, saboda jikokinsa na Dar es Salaam da ba su jin ko "zo ka ci". Muryar nan ba ta ko'ina a duniya sai cikin akwatin.

"Ɗana, kullum da safe nake kunna shi," ta ce. "Yanzu da ya fara magana, kafin shayina ya huce, sai ɗif."

"Mama, allon yana yin shuɗi ne, ko ɗaukewa yake yi gaba ɗaya?"

"Kai ka san wannan. Ni dai mijina ke yin shiru."

Ya buɗe, ya shinshina, ya hure ƙura, ya cire ƙananan sassan ƙwaƙwalwar na'urar ya goge ya mayar. Kwana biyu ya bar ta a kunne, ko tari ba ta yi ba. Ya mayar wa Mama, ya ce ƙura ce. Bayan kwana uku sai ga ta ta dawo. A wannan karon wutar unguwarsu ya zarga, ya canja akwatin da ke raba wuta a ciki, ya sake gwadawa kwana uku, lafiya lau. Ranar Litinin ɗan acaɓan nan ya sake tsayawa a ƙofar shago, mai rigunan sanyi ta leƙo tana dariya.

"Fundi, baƙuwarka ta dawo. Ko dai a kira maka Fundi?"

Abin ya hana shi cin abinci, ba don kunya kaɗai ba, daɗi ma yake ji irin na mafarauci da ya ga sabon sawu. Me ke gidan da babu shi a shago? Ya ce zuwa da kai ya fi aike. Washegari da hantsi ya je ya haɗa na'urar a falon Mama, ya auna wutar soket, ya girgiza wayoyi, ya sha shayi kofi uku da fanke. Awa biyu Malam yana ta lissafo kakanni, na'ura ko gezau ba ta yi ba.

"Kunyarka take ji," in ji Mama Gidion.

Har ya miƙe zai tafi sai ya ga wani abu a ragar fanka ta baya: 'yan zaruruwa masu ruwan ƙasa. Ya taɓa ganin irinsu a shago, ya hure su a zuwan ƙura. Yanzu da ya murza su a yatsa sai ya ji ulu ne. Ya dubi falon, kujerun da farin yadi aka rufe su, ba abin da ke da wannan launi.

"Mama, gobe zan dawo da sassafe. Ina so ki yi duk abin da kika saba yi, kamar ba na nan."

Tsohuwa ta sunkuyar da kai ta ce to.

Ƙarfe shida da rabi ya iso, raɓa ta daskare a kan ciyawa, yatsunsa ba sa ko lanƙwasuwa. Ya zauna a lungu ya zuba ido. Ta hura gawayi a kurfoti, ta jawo shi kusa da teburin. Ta kunna na'ura. Daga nan ta tsaya jim, ta saci kallonsa, ta shige ɗaki. Da ta fito tana riƙe da wani kwat mai kauri, ruwan ƙasa, wanda duk wanda ya yi firamare a garin nan ya san shi a jikin Malam. Ta lulluɓe akwatin da shi tsaf, ta cusa hannayen rigar a gefe da gefe, har ta gyara wuyan.

"Bai taɓa jure sanyin Yuni ba," ta ce, ba ta dube shi ba. "In baƙo zai zo nakan cire, kada a ce na tsufa na zare."

Elieza bai san lokacin da ya tafa hannu ba. Ashe shi ne! An toshe wa na'ura hanci, an kuma kawo mata wuta kusa, dole zafi ya cika ta ta kashe kanta. Murna ta kama shi kamar yaro. Ya ɗaga gefen kwat ɗin ya ɗora sukundireba don ya ji yadda fanka ke wahala, kuma a nan ne murnar ta koma ciki. Ƙarƙashin kukan fanka akwai wani sauti siriri, ƙyas, ƙyas, sai shiru, sai ƙyas. Faifan ajiya ne, wanda ke juyawa a ciki yana riƙe da duk abin da aka naɗa. Watanni ana dafa shi kowace safiya, ana kuma yanke masa wuta yana tsakar aiki, yanzu ya zo gargara.

Ya kashe ta nan take. Abin da ya fi sautin nan yi masa ciwo shi ne kwana biyar cif na'urar nan ta yi a shagonsa, a sanyaye, tana aiki sumul, filashin kwafe bayanai na cikin aljihunsa, bai kwafe muryar Malam ba. Aikin minti goma. Ya tsaya farautar dalili ya bar abin da tsohuwa ta zo dominsa.

"Mama, na yi miki laifi," ya ce, ya kuma faɗa mata komai bai rage ba.

Ta saurare shi har ya gama. "Ni na dafa shi, kai ka yi sakaci. To yanzu sai yaya?"

Ya buɗe taga, ya janye kurfoti zuwa tsakar gida. Ya kwance faifan ya ɗora shi a bakin taga, inda iskar dutse ke busowa, har ya yi sanyi kamar ƙarfen gatari. Sannan ya haɗa shi da ƙaramar kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka, ya ɗora kunne. Faifan ya juya, ya yi ƙyas sau biyu, sunaye arba'in suka jeru a allo.

"Ban san ko nawa zai ba mu ba. Zai iya ba mu duka, zai iya tsayawa a na biyu. Daga na farko zan fara, inda asalin dangi yake?"

"Na sha bakwai."

"Mama, na sha bakwai ɗan guntu ne, ko minti biyu bai kai ba."

"Ɗana, wa ya zauna da shi shekara hamsin da ɗaya, ni ko kai?"

Ya kwafi na sha bakwai, sannan ya koma na farko ya bi su a jere.  Yana riƙe da faifan da yatsa biyu yana jin ɗuminsa na ƙaruwa, in ya yi zafi ya dakata ya miƙa shi ga iska. Na tara ya ƙi, ya tsallake. Na sha huɗu ya ɗauki minti ashirin. A kan na ashirin da huɗu faifan ya yi wani ƙara kamar an ja cokali a gindin tukunya, ya tsaya. Ya sake gwadawa sau uku, bai ƙara juyawa ba. Ashirin da biyu suka tsira, sha takwas sun tafi.

Elieza ya kasa ɗaga ido. Shi da kullum bakinsa cike da bayanin yadda abu ya lalace, yau ba ya son ya bayyana komai.

"Kunna min na sha bakwai ɗin," ta ce.

Ya kunna. Aka ji gyaran kujera, aka ji an hura abin magana sau biyu. Malam ya fara, "Yau za mu yi maganar ƙaurar kakanmu daga..." sai tari ya sarƙe shi. Da ya lafa sai muryar ta yi nesa, alamar ya juya wajen ƙofa.

"Tulalumba! Tula! Bar wankin nan ki zo ki zauna, shayinki zai huce."

Shekara hamsin da bakwai Elieza ya yi a duniya bai taɓa jin sunanta ba. Tun da ta haifi Gidion kowa Mama Gidion yake ce mata, har 'yan uwanta, mutum ɗaya ne bai daina kiran ta da nata ba.

Tsohuwa ta jawo kofinta, ta gyara zama a gefen teburin.

"Ga ni nan," ta ce. "Na zo."